TSABTAR GULBIN RIMA: DARASI GA UWAYEN ƘASA DA MAGATAKARDANSU

An shirya wannan darasi domin Uwayen Ƙasa na gabashin Sakkwato, musamman na ƙasar Isa da ta Sabon Birni, da magatakardan da ke riƙe da littattafansu. Nufinsa shi ne ya bayyana yadda ruwan gulbi ya ke ɓaci, da dokokin da a ka kafa domin tsaronsa, da kuma rabon aikin da ya hau kan shugabannin gargajiya. Ana roƙon kowane Uban Ƙasa ya sa a karanta shi a zauren majalisarsa ran da dagatai su ka hallara.

Gulbi Uku, Ƙasa Ɗaya

Duk wanda ya san ƙasar Gobir ya san arzikinta a bakin gulbi ya ke. Alƙalawa, birnin Gobirawa wanda a ka ci a shekarar 1808, a gefen Gulbin Rima a ka gina shi, kufansa kuwa yana cikin ƙasar Sabon Birni har wa yau. Amma ruwan nan da mu ke sha, kaɗan ne daga cikinsa ya sauka daga sama a kanmu. Baƙo ne, daga nesa ya ke zuwa, ta hanya uku.

Hanya ta farko ita ce Gulbin Gagare, wanda ya ratso ƙasar Zamfara ya biyo ta wajen Ƙauran Namoda. Ta biyu ita ce Bunsuru, wanda rassansa su ke cikin ƙasar Katsina. A kan ɗaya daga cikinsu, watau Karaduwa, a ka gina Madatsar Zobe kusa da Dutsin Ma a shekarar 1983. Ta uku ita ce Gulbin Maraɗi. Shi ma daga ƙasar Katsina ya fito, ya bi ta Jibiya inda a ka datse shi, ya shiga Jamhuriyar Nijar, ya wuce Madarunfa da Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, sa'an nan ya komo Nijeriya. Waɗannan uku a ƙasar Isa da Sabon Birni su ke haɗuwa su zama Rima.

Daga nan ruwan ya kan gangara Madatsar Goronyo, wadda a ka gama gininta a 1984, mai ɗaukar ruwa fiye da mita miliyan 900 a ma'aunin murabba'i mai zurfi. Daga Goronyo a ke sakinsa ga manoman Wurno, da famfunan birnin Sakkwato, har ya kai Argungu da Birnin Kebbi kafin ya faɗa Kwara.

To, ashe ƙasashen nan biyu maƙogwaro ne. Abin da a ka zubar a Katsina da Zamfara da Maraɗi ta nan ya ke bi, abin da mu ka ƙara a kai kuwa, mutanen Goronyo da Sakkwato su ke sha. A ƙidayar 2006 an sami mutum fiye da 200,000 a Ƙaramar Hukumar Sabon Birni, kusan 150,000 a ta Isa, sun kuwa ƙaru ƙwarai tun daga lokacin. Rashin zaman lafiya na shekarun nan ya kori jama'a da yawa daga ƙauyuka, sun cunkushe a manyan garuruwa inda masai da rijiya ba su ishe su ba. Saboda haka maganar da dā a ke iya jinkirtawa, yanzu ta zama ta gaggawa.

Akwai wani hali na gulbin ƙasarmu da ya kamata a riƙe. Da damina ya kan cika ya yi ambaliya, da rani kuwa sai yashi da 'yan tafkuna. Idan ya ƙafe, mutane su kan ɗauke shi tamkar fili marar mai shi: a zuba shara, a yar da mushe, a kewaya a ciki. Ƙazantar wata shida ko bakwai tana kwance tana jira. Ran da ruwan fari ya zo, sai ya kwashe ta gaba ɗaya. Cikin yashin nan kuma mata su ke tona 'yan rijiyoyi su ɗebi na sha.

Ƙazanta Iri Biyu

Abin da ke ɓata gulbi ya kasu kashi biyu, maganinsu kuwa ba ɗaya ba ne.

Kashi na farko shi ne ruwan ƙazanta mai ɗauke da ƙwayoyin cuta: bayan gida, da ruwan kwatami, da jini da kashin tumbi na mahauta, da ruwan majema da na marina. Daga nan a ke samun amai da gudawa, da zazzaɓin hanji, da atuni, da shawara. Tsargiya ma ta haka ta ke yaɗuwa: mai ciwon ya yi fitsari a tafki, ƙwan cutar ya ƙyanƙyashe ya shiga dodon koɗi, daga nan ya fito ya huda fatar yaron da ya zo wanka. A shekarar 2021 annobar amai da gudawa ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, fiye da 3,000 su ka riga mu gidan gaskiya, Jihar Sakkwato kuwa tana cikin waɗanda abin ya fi tsananta a kansu.

Kashi na biyu ya fi wuyar ganewa, domin a gona alheri ne. Shi ne abincin shuka, watau sinadaran nan biyu da a ke kira nitrojin da fosfaras. Su ne ƙarfin taki, na gargajiya da na zamani. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na nitrojin. Buhun kamfa mai lamba 15-15-15 yana da kilo 7 da rabi na nitrojin, da kwatankwacin haka na sauran biyun. Masana sun tabbatar cewa a duniya baki ɗaya, abin da shuka ke ci daga nitrojin da a ka zuba mata bai cika kai rabi ba. Saura wani ya bi iska, wani ya nutse ƙasa, wani ruwa ya tafi da shi.

Taki ba ya sanin gona da tafki. Yadda ya ke ciyar da albasa, haka ya ke ciyar da gansakuka da kainuwa da kacalla. Idan ya yi yawa sai fuskar ruwa ta koma kore. Gansakuka ta yaɗu, ta mutu, ta nutse, ta ruɓe. Ruɓewar nan tana cinye iskar da ke narke cikin ruwa, wadda kifi ke shaƙa. Ruwan zafi kuwa ba ya riƙe iska kamar na sanyi. Shi ya sa a kan wayi gari da bazara a tarar da kifi ya taso yana haki, ko ya mutu birjik, ba wanda ya sa masa guba. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Wata irin gansakuka ma tana da dafi mai kashe dabbar da ta sha, tafasawa kuwa ba ta kawar da shi.

Nitrojin da ya nutse ƙasa ya kan shiga rijiyoyin fadama, waɗanda ba su da zurfi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada gishirinsa, wanda a ke kira naitiret, ya wuce miligiram 50 cikin lita ɗaya ta ruwan sha, ma'aunin ruwan sha na Nijeriya na 2007 ma a nan ya tsaya. Idan ya zarce, jarirai ne ke fara shan wuya, domin yana hana jininsu ɗaukar iska, har leɓɓansu su yi shuɗi. Ba shi da launi, ba shi da wari, kuma tafasa ruwa sai ta ƙara masa kauri. Fosfaras kuwa ƙasa ya ke maƙalewa. Duk inda zaizaya ta ci gaɓa, tare da shi ta ke tafiya, su kwanta a gindin madatsa shekara da shekaru.

Ga lissafi domin magatakarda. A ƙaddara manoma 200 a fadama ɗaya, kowa ya watsa buhu 2 na yuriya. Buhu 400 ke nan, watau kilo 9,200 na nitrojin. A ce kashi ɗaya cikin goma kaɗai ruwa ya wanke: kilo 920, daidai da buhu 40 da a ka saya da kuɗi a ka zuba a gulbi. Wannan ya isa ya kai lita fiye da miliyan 80 ga iyakar da a ka hana sha. Hasara biyu ke nan, ta aljihun manomi da ta mai shan ruwa.

Abin Da Ya Faru A Wasu Wurare

Ba sai mun je nesa ba. Rafin Jakara na Kano ya daɗe yana kwasar ruwan kwatamin birni da na mahauta, ya haɗu da Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, su zuba a Madatsar Wasai. Kogin Challawa kuma yana karɓar na majemun zamani na Sharaɗa da Challawa. Da wannan ruwa a ke ban ruwan lambuna da yawa, gyaransa kuwa ya zama aiki mai tsada ƙwarai. A fadamun Haɗeja da Nguru, bayan an gina Madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwa ta sāke, kacalla ta toshe hanyoyinsa, gonaki da wuraren su da yawa su ka salwanta. Ruwan da ya tsaya wuri ɗaya, ga kuma taki a cikinsa, shi ne abin da kacalla ke so.

Akwai kuma darasi daga Amurka, domin ita ma tarayya ce mai jihohi kamar tamu. A 1972 Gwamnatin Tarayyarsu ta kafa dokar tsabtar ruwa, ta ce duk mai zubar da ƙazanta ta bututu sai ya karɓi lasisi. Wannan ya rage ɓarnar masana'antu da ta manyan birane. Amma abin da ruwan sama ke wankowa daga gonaki ba shi da bututun da za a kama, sai a ka bar shi a hannun jihohi. A watan Agusta na 2014 gansakuka mai dafi ta rufe gefen Tafkin Iri, mutum wajen 400,000 na birnin Toledo su ka yi kusan kwana uku an hana su shan ruwan famfo. Shekara na kewayowa, a 2015, Jihar Ohayo ta yi doka ta hana manoman wannan yanki zuba taki a kan ƙasar da ta daskare ko ta jiƙe sharkaf, ko lokacin da a ke sa ran ruwa mai yawa.

Abin lura a nan shi ne, a ƙasar Isa da Sabon Birni ba mu da manyan masana'antu. Ƙazantarmu kusan duka irin ta biyun nan ce, marar bututu, wadda ke fitowa kaɗan kaɗan daga gida dubu da gona dubu. Irin wannan, ma'aikaci daga Abuja ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Wanda ya san gidajen da gonakin shi kaɗai ke iya tare ta.

Dokoki, Hawa Hawa

Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 20, ya ɗora wa hukuma kiyaye ruwa da iska da ƙasa da daji. Amma ya raba aikin.

Hawa na farko na Tarayya ne. Dokar Albarkatun Ruwa mai lamba 101 ta 1993 ta sa ikon duk ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya a hannun Gwamnatin Tarayya, Rima kuwa yana ciki. Duk da haka ta bar wa kowa ya ɗiba domin amfanin gida da shayar da dabba, ya yi su, ya kuma yi ban ruwa a gonar da ya ke da haƙƙi a kanta. Madatsar Goronyo tana hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, wadda a ka fara kafawa a 1973. Bayan da a ka gano shara mai guba da a ka jibge a garin Koko a 1988, an kafa hukumar kare muhalli ta Tarayya a wannan shekara, a 2007 kuma a ka maye gurbinta da NESREA. Ita ta fitar da ƙa'idodin tsaron fadamu da gaɓar koguna a 2009, da na ingancin ruwan bisa ƙasa da na ƙarƙashin ƙasa a 2011.

Abin da ya shafi ƙetaren iyaka shi ma na Tarayya ne. A ran 18 ga Yuli 1990 Nijeriya da Nijar su ka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar rabo da kiyaye ruwan da su ka yi tarayya a kansa, Gulbin Maraɗi kuwa yana cikin huɗun da a ka ambata. Saboda haka idan Uban Ƙasa ya ga ruwa ya shigo daga arewa da wata alama, hanyarsa ita ce ya rubuta wa Ƙaramar Hukuma da Majalisar Sarkin Musulmi, su miƙa sama.

Hawa na biyu na Jiha ne, shi ne kuma ya fi kusa da maganarmu. Ko da ya ke ruwan na Tarayya ne, gaɓar da ƙazanta ke gangarowa daga kanta tana hannun Jiha. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha ga Gwamnanta amana domin jama'a. Kiwon lafiya, da tsarin gari, da aikin malaman gona, da ruwan famfo, duk Majalisar Dokokin Jiha tana da ikon yin doka a kansu, Jihar Sakkwato kuwa tana da tata hukumar kare muhalli. Wannan iko yana da tushe tun dā. Dokar lafiyar jama'a ta 1917 ita ta haifi duba-gari, dokar Final Kot ta Jihar Arewa kuma, wadda ta fara aiki a 1960 jihohi su ka gada, ta sa ɓata ruwan da jama'a ke sha cikin laifuffuka.

Dokar jiha mai amfani ga gulbi irin namu tana tsayawa a kan abu biyar: ta ƙayyade tazara tsakanin gaɓa da gini ko shuka, ta tilasta masai a gidaje da kasuwanni da tasoshi, ta hana mahauta da majema da masu kwashe masai zubarwa a gulbi ko a yashinsa, ta tsara lokaci da yadda a ke sa taki da maganin feshi a fadama, ta kuma sa a riƙa auna ruwa a wurare sanannu ana bayyana sakamako. Cewa jiha na iya cin nasara, an gani. Bayan umurnin Shugaban Ƙasa na watan Nuwamba 2019 kan hana bayan gida a fili, Jigawa ta zama jiha ta farko da a ka shaida ta rabu da wannan al'ada, a 2022. Da sarakuna da hakimai da masu unguwanni a ka yi aikin.

Hawa na uku na Ƙaramar Hukuma ne. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulki ya ba ta kula da mahauta, da kasuwanni, da tasoshin mota, da makewayin jama'a, da kwashe shara da ruwan ƙazanta. Tana da ikon yin ƙananan dokoki a kan waɗannan.

A ƙarƙashin duka akwai abin da jama'armu su ka sani tun suna makarantar allo. Duk wanda ya karanta Ahalari ko Ishmawi ko Risala ya san ruwan da najasa ta sāke masa launi ko ɗanɗano ko ƙamshi ba ya tsarki. Hadisai sun hana fitsari a ruwan da ba ya gudu, sun kuma yi gargaɗi mai tsanani ga mai biyan bukata a mashaya da kan hanya da inuwar mutane. Malaman Malikiyya sun yi bayanin harimin rijiya da na kogi, watau filin da ke kewaye da su wanda ba a yarda wani ya yi abin da zai cuci ruwan a cikinsa ba. Tazarar da dokar zamani ke nema ita ce harimin nan da sabon suna. Idan Uban Ƙasa ya fara da wannan, ya sa limamai su ambata a huɗuba, ba zai sha wuyar bayani ba.

Rabon Uban Ƙasa

Wajibi ne a faɗi iyakar iko a fili. Tun ƙarshen shekarun 1960 kotuna da 'yan doka su ka fita hannun En'e, gyaran 1976 kuma ya mai da aikinta ga Ƙananan Hukumomi. Saboda haka Uban Ƙasa ba ya yanka tara, ba ya tsare mutum. Abin da ke hannunsa shi ne sani, da kira, da sulhu, da kai rahoto. Waɗannan kuwa ba ƙananan abubuwa ba ne, domin doka ba ta da ido sai nasa. Ga abin da a ke bukata:

1. Masai. Kowane gida ya sami nasa, da murfi. Kada a haƙa shi ƙasa da mita 30 daga rijiya, watau kamar taki 40 na babban mutum, kuma ya kasance ta gangaren rijiyar. A fadama inda ruwa ke kusa, a ɗaga shi bisa tudu, kada ramin ya kai ga ruwa. A fara da inda baƙi da 'yan gudun hijira su ka taru, da kasuwa, da makarantun allo.

2. Mahauta. A kira Sarkin Pawa a duba inda jini da kashin tumbi ke zuwa. A haƙa musu rami nesa da gaɓa, a riƙa rufewa da ƙasa ko toka. Bayan 'yan watanni taki ne mai kyau wanda masu lambu za su saya.

3. Majema da marina. Ruwan jima da na baba da na rinin zamani a zuba shi a rami mai nisa da rijiya. Haka baƙin mai na masu gyaran babura da injin ban ruwa.

4. Yashin gulbi. A sanar cewa gulbi gulbi ne ko ya ƙafe. Kafin faɗuwar damina a yi gayya a kwashe jujin da ke cikinsa da bakinsa, a kai gonakin tudu bayan an tsince leda.

5. Taki. Da taimakon Sarkin Noma da malamin gona a koya wa manoma su binne yuriya kusa da gindin shuka maimakon watsawa, su raba ta kashi biyu ko uku, kada su sa ta hadari na haɗuwa, kada kuma su cika fangali da ruwa har ya malala bayan sun sa. Wannan gargaɗi yana da sauƙin karɓa, gama riba ce ga mai gona.

6. Gaɓa. A bar ɗan fili tsakanin shuka da bakin ruwa, a bar jema da gamba su kama shi, kada a sare giyayya da kanya da ke wurin. Saiwarsu tana riƙe ƙasa, tana kuma tace abin da ya gangaro. A tsai da faɗinsa da shawarar masu gonaki da Ƙaramar Hukuma, a kafa alama.

7. Feshi da su. Kada a wanke tankin feshi a gulbi, kada a ɗebi ruwa da galan ɗin magani. Sarkin Ruwa ya tsaya kan hana kamun kifi da guba, ko magimfa ce ko ta kanti. Mutanen Argungu sun nuna cewa Sarkin Ruwa na iya rufe ruwa jama'a su bi.

8. Mashaya. A keɓe wa dabbobi wurin sha a ƙasa da inda mutane ke ɗiba, a kuma bar burtalin da ke kaiwa can a buɗe. A nan sai an yi hattara ƙwarai. Idan a ka fake da tsabtar ruwa a ka hana makiyayi mashaya, alhali mai lambu yana noma har cikin gulbi, an shuka fitina wadda ta fi gansakuka sharri. A zauna da Arɗo da Sarkin Noma tare, doka ta hau kowa daidai. Uban Ƙasa kuma ya fara da gonarsa da gidansa.

Littafin Ruwa

Aikin magatakarda shi ne ya buɗe littafi na musamman. A shafin farko ya zana gulbi daga inda ya shigo ƙasarsu zuwa inda ya fita, ya sa alamar kowane gari, da mashaya, da mahauta, da marina, da juji, da fadamar da a ke noman rani. Sa'an nan kowane wata dagatai su kawo labari, a rubuta a layi biyar: rana, wuri, abin da a ka gani, wanda a ka gaya wa, abin da a ka yi. Abubuwan da za a lura da su su ne launin ruwa da warinsa, yaɗuwar gansakuka ko kacalla, mutuwar kifi ko dabba, ranar zuwan ruwan fari, yawan gidaje masu masai, da yawan masu gudawa bisa ga abin da malamin asibiti ya faɗa.

A rubuta abin da ido ya gani kaɗai, ban da zato, ban da ƙari domin faranta ran wani. Idan mutum uku ko huɗu na unguwa ɗaya su ka kamu da amai da gudawa a rana ɗaya, ko kifi ya mutu da yawa, ba a jiran ƙarshen wata: a aika wa sashen lafiya na Ƙaramar Hukuma nan take. Sauran rahoto a tura shi duk wata uku, da kwafi zuwa Majalisar Sarkin Musulmi.

Kada a raina wannan littafi. A 2010 Rima ya yi ambaliyar da ta ci garuruwa da gonaki daga Goronyo zuwa ƙasar Kebbi, a 2018 kuma ruwan madatsar ya ja baya har a ka shiga fargaba a Sakkwato. A shekarar cika, ƙazanta tana shiga rijiyoyi. A shekarar ƙaranci tana yin kauri a ɗan abin da ya rage. Majalisar da za ta yi doka tana bukatar ta san ina ne, yaushe ne, nawa ne. Uban Ƙasar da ya zo da rubutun shekara uku, maganarsa ta fi ta wanda ya zo da kuka kawai. Da shi kuma za mu iya tunkarar maƙwabtanmu na Shinkafi da Zurmi da Jibiya mu ce su gyara, bayan mun nuna namu gyaran.

Tambayoyi Domin Bita

1. Faɗi gulbi uku da su ka haɗu su ka zama Rima, da inda kowane ya fito.
2. Me ya sa kifi ke mutuwa da bazara a tafkin da ya yi kore?
3. Manoma 50 sun sa buhu 3 na yuriya kowannensu. Kilo nawa ne na nitrojin?
4. Wane aiki ne na Tarayya, wane ne na Jiha, wane ne na Ƙaramar Hukuma?
5. Lissafa wurare uku a ƙasarku inda ƙazanta ke shiga gulbi, da sunan sarautar wanda ya kamata a kira a kan kowane.

Ana so kowane magatakarda ya amsa tambaya ta biyar a rubuce, ya karanta wa Uban Ƙasa, a kuma sa ranar fita duba wuraren kafin ruwan fari ya sauka. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.